Kwanakin da ba a gaya wa likita

Idan mutum ya shige ɗaki mako biyu, ba ci ba magana, yana cewa rayuwa ta ishe shi, dangi kan gane akwai matsala, ko da sai an gama zagayen ruƙiyya kafin a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa ko Kware. Abin da ba su cika gaya wa likita ba shi ne abin da ya faru watannin baya: yadda ya yi mako guda yana barcin awa biyu ba gajiya, yana zuba kamar 'ya'yan kanya, ya kwashe jarin shago ya rabar, yana rantsuwa zai buɗe kamfani uku kafin salla. A lokacin wasu sun ce kuzari ne, wasu sun ce iskokai.

Ciwo ɗaya ne mai fuska biyu, wanda likitoci ke kira bayfola. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna shi. Da labari ake gano shi. Idan likita ya ji rabin labari, zai iya ba da maganin damuwa kaɗai, wanda kan tunzura ɗaya fuskar. Shi mara lafiyan ba zai kawo ƙarar kwanakin tashinsa ba, don a ganinsa su ne lafiyarsa. A nan nake ɗora nauyi a kan ɗan rakiya. Matar gida ko ƙanen da ya ga komai ya daina rufa asiri a gaban likita, har da batun wani a dangi da ya taɓa yin irinsa, domin ciwon yana bin jini.

Magani akwai. Tun 1949 wani likita, John Cade, ya gwada lithium a Ostareliya, kuma har yau maganin yana sahun gaba. Sai dai yana son a riƙa auna jini da duba ƙoda, kuma a zafi irin namu, ko lokacin azumi, ƙarancin ruwa a jiki kan sa ya taru har ya zama guba. Maganin valproate kuwa yana illa ga ɗan da ke ciki, don haka mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa tun farko.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan an ji sauƙi. Baƙo ya zo dubiya ya ce, "Ai ka warke, ƙwayar nan ta mece ce kuma?" A ajiye magani, ciwon ya dawo, a koma asibiti da ɗaurarren mutum a bayan mota.