Duwatsu Uku Na Murhun Makaranta

A cikin shekara ta 1907 waɗansu limaman Katolika, waɗanda ake kira Fada, suka iso garin Shendam, a ƙasar da ke cikin Jihar Filato yanzu. Suka zauna, suka koyi harshen mutane, sannu a hankali suka fara tara yara suna koya musu karatu. A 1948 kuma waɗansu mata masu hidimar addini, watau Sistocin St. Louis, suka zo Kano daga ƙasar Ayalan, suka kama aikin koyarwa. Tun daga zamanin nan makarantun Katolika suka yi ta yaɗuwa a ƙasar Arewa.

To, me ake koya wa yaro a irin wannan makaranta? Darussansu sun kasu kashi uku, kamar duwatsun murhu. Kowa ya san tukunya ba ta zama daidai sai duwatsun nan sun cika uku.

Dutse na fari shi ne ilmin littafi. A nan yaro ke koyon karatu da rubutu da lissafi da Turanci da kimiyya. Makarantar firamare shekara 6 ce, kuma tsarin karatun da gwamnati ta shirya shi suke bi, kamar sauran makarantu. Lissafin da ake yi a makarantar Katolika shi ne ake yi a ko'ina. Bakwai sau takwas hamsin da shida ne, ko a hannun Fada, ko a hannun Malam.

Dutse na biyu shi ne addini da tarbiyya. Da safe akan yi addu'a kafin a shiga aji. Yara 'yan Katolika sukan koyi labarun Littafi Mai Tsarki, da tambayoyi da amsoshi na addininsu. Ana kuma horon yara duka da faɗin gaskiya, da ladabi, da tausayin marasa ƙarfi. Wannan daidai ne, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma akwai abin lura. Sau da yawa akan sami 'ya'yan Musulmi a waɗannan makarantu, iyayensu sun kawo su neman ilmi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Saboda haka babban malami na kirki yakan kiyaye wannan haƙƙi. Yaron da aka girmama addininsa shi ma zai tashi yana girmama na abokinsa.

Dutse na uku shi ne aikin hannu, watau lambu da ɗinki da saƙa da tsabtar jiki da ta gida. Makarantun dā sun riƙe wannan ƙwarai. Yanzu kuwa shi ne dutsen da ya fi saurin gocewa. Da zarar jarrabawar shiga sakandare ta matso, sai a ajiye fartanya da allura, a ce ba lokaci. Waɗansu iyaye ma sukan ce, ai ba noma suka aiko 'ya'yansu su koya ba.

Maganar iyayen nan ba ta rasa dalili, gama sun biya kuɗin makaranta, suna kuwa so 'ya'yansu su ci jarrabawa. Amma da za su duba da kyau, da sun ga lambu ba ya ƙwace wa littafi kome. Yaron da ya ɗauki igiya ya auna fangali mai tsawon mita 4 da faɗin mita 2, ya gane da idonsa abin da ake nufi da murabba'in mita 8. Yarinyar da ta shuka wake, ta ga saiwa ta nufi ƙasa, ganye ya nufi sama, ba ta sake manta wannan darasi ba. Wanda ya cike kududdufi a bayan aji ya san inda sauro ke ƙyanƙyasa, ya kuma san hanyar tsare kansa daga zazzaɓi. Gani ya kori ji.

Don haka ya kamata makarantar Katolika, da kowace makaranta ma, ta bar wa kowane dutse wurinsa. Ɗan makaranta kuma kada ya raina ko ɗaya. In an buga ƙararrawar lissafi ya ɗauki fensir, in an buga ta lambu ya ɗauki fartanya da murna. Wanda ya fita da uku ɗin nan zai iya karanta wasiƙa, ya riƙe amana, ya kuma ci da kansa.

Tambayoyi

1. A wace shekara limaman Katolika suka iso Shendam?
2. Waɗanne ne duwatsu uku na murhun makaranta?
3. Ta yaya lambu ke taimakon yaro wajen lissafi?