Sannu da Ƙoƙari 'Yata, Amma da Sauran Rina a Kaba

Ɗalibar sakandare da ta tsallake batutuwa masu sauƙi ta ce sai ta gano yadda mofin ke kashe zafin ciwo ta cancanci jinjina. Sannu da ƙoƙari, 'yata. Kin shiga gonar manya. Sai a 1973 Candace Pert, tana ɗaliba a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ita da malaminta Solomon Snyder, suka nuna cewa a ƙwaƙwalwa akwai wasu makarɓa da mofin ke shiga kamar mabuɗi cikin kwaɗo. A 1975 kuma Hughes da Kosterlitz, a Aberdeen, suka gano jiki na da nasa sinadarin da ke shiga wurin. Ashe mofin baƙo ne da ya tarar da masauki a shirye.

Abin da ya fi burge ni, ba ki kauce wa wurin da gizo ke saƙa ba. Makarɓin da ake kira miyu, wanda ke kwantar da raɗaɗi, shi ne ke rage numfashi idan magani ya yi yawa, shi ne kuma ke jawo jaraba.

To, a nan za ki yi hattara. An taɓa murnar cewa gwajin ɓeraye ya nuna yadda za a raba amfanin da illar. Wasu masana suka maimaita gwajin, ba su ga haka ba. Maganin oliceridine da aka gina kan wannan fata ya samu izini a Amurka a 2020, amma har yau takardarsa na gargaɗi kan sarƙewar numfashi. Don haka duk abin da kika samu, ki maimaita, ki miƙa wa wanda zai nemi kuskurenki, ki rubuta har gwajin da ya ƙi.

Ki kuma leƙa asibiti. Ki ga mai sikila ya dunƙule a gado yana cizon zane, ana masa kallon ɗan ƙwaya don ya roƙi allura, alhali taramol na yawo a tasha. Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hanin bai kai wa wannan yaron mofin ba. Ki tambayi nas ɗin da ke kwana da shi me take ba shi, kuma awa nawa yake ɗauka kafin ciwon ya dawo.