FILIN HOTO: Ƙanena na Kazaure, rana ce ta cuce ka

Saƙon da ya fi tsaya min a rai a wannan watan daga Kazaure ya fito, ta Jihar Jigawa. Wani matashi ne, tela, mai son shiga harkar fim, ya turo min hotunansa guda shida. Ya ce furodusoshi uku ya tura wa a Kano, ba wanda ya ko amsa masa, alhali duk abokansa sun ce hotunan sun haɗu. Wai in faɗa masa tsakani da Allah, in fuskarsa ce ba ta fim ba, ya haƙura.

To ƙanena, ni ban ga fuskarka ba balle in yanke mata hukunci. Na tabbata su ma furodusoshin ba su gan ta ba.

Huɗu daga cikin hotunan a bakin dam ɗin Ayuba aka ɗauke ka, biyu a kan dutse. Wurin kam ya yi, domin Allah ya hore wa Kazaure da Roni duwatsun da darakta zai so a waƙa. Amma inuwarka da ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafarka ta tona asiri, da azahar kuka fita. Rana na tsakar ka, idanunka sun koma ramuka biyu baƙaƙe, goshi sai ƙyalli, ga shi ka yamutsa fuska kamar wanda ake bi bashi. Ko Ali Nuhu aka tsayar a wannan ranar haka zai fito.

Sannan ka zuba farar shadda, bayanka kuma ruwa yana walƙiya. Ita kyamarar waya da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, baƙar fatarmu kuwa ita ce ke fara nutsewa. Aikin wuyan rigar ya fito raɗau, har zare ana ƙirgawa. In tallan ɗinki ka yi niyya, wallahi ka ci nasara!

Gyaran ba na kuɗi ba ne. Ku fita da hantsi kafin ƙarfe 9, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ke zuwa ta gefe. In dole sai da rana tsaka, ka shiga inuwar darbejiya, amma daga baki-baki, kana fuskantar fili, ka kuma lura kada hasken da ke ratsowa ta ganye ya yi maka dabbare-dabbare. Wani ya riƙe farin kwali ko farin yadi daidai ƙirjinka daga gefe, zai maido maka haske cikin ido. Mai ɗauka ya taɓa fuskarka a gilashin wayar kafin ya danna, don kyamara ta san wa ake nufi. Shaddar kuma a canza ta da ruwan toka ko ruwan ƙasa.

Kada ka ce ai sai da fitilun situdiyo. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, akasari a tsakar gida yake zaunar da mutane, da hasken Allah, ya rataya zane a bayansu. Ya rasu a 2001, har yau ana baje hotunansa a manyan ɗakunan nuni na Turai da Amurka.

Sai maganar tsayuwa. A hoto na biyar ka hau dutse ka ware hannuwa irin na Shah Rukh Khan. Ƙanena, shi da kiɗa da iska yake yin nasa, kai kuwa kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. A na biyu ga turken lantarki ya tsiro daga hularka, ruwan dam ɗin ma ya karkace kamar zai zube. Furodusa ba dutse yake nema ba. Ka ɗan juya kafaɗa, ka saki jiki, ka sauke haɓa kaɗan, a ɗauka daga ƙirji zuwa sama, daidai tsayin idonka. Baƙin gilashin nan a bar shi a aljihu. Na uku, wanda ka juyo kana dariya ba ka shirya ba, shi kaɗai ne na ɗan hango ɗan wasa a ciki.

Abokanka kuma ba ƙarya suka yi ba, kai suke gani ba hoton ba, don sun riga sun san ka. Nan gaba ka nuna wa wanda bai san ka ba, kuma kar ka ce masa "ya yi kyau?", kunya za ta sa ya ce e. Tambaye shi me idonsa ya fara sauka a kai. In ya ce riga, a sake.

Ka sake ɗaukar guda uku ka turo min kafin ka kuma damun wani furodusa. 'Yar'uwarmu ta Babura mai tambayar hoton kamu da daddare, ki yi haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.