Kunun Zaƙi Da Harshen Da Ya Mutu



Ɗan ƙanwata da ke karatu a Amurka ne ya jawo wannan rubutu. Da ya zo hutu yake ba ni labarin wasu 'yan ajinsu da kan zauna musamman don ɗanɗanar wata giya da ƙananan kamfanoni ke dafawa, wadda ake zuba wa wani hatsin ƙasashen sanyi, ɗan uwan alkama, mai suna rai. Wai sai mutum ya ɗaga kofi ya dubi launi, ya sansana, ya kurɓa kaɗan, sannan a hau gardama: wannan ya ce ya ji yaji-yaji kamar masoro, wancan ya ce ɗacin ya yi yawa. Na yi dariya har da ƙwalla. Shi ba ya sha, ni ma ba na sha, kuma ba tallarta na zo yi ba. Amma da dare ya yi sai dariyar ta koma mini ciki.

Ku duba fa. A Babariya ta ƙasar Jamus an yi doka a 1516 cewa sha'ir kaɗai za a dafa giya da shi, har da dalilin a bar wa masu burodi alkama da rai. Hatsin ma wahalar aiki gare shi, yana sa ƙullu ya yi yauƙi ya ƙi tacuwa, shi ya sa kaɗan ake zubawa. Duk da haka masu sana'ar suka dawo da shi, har wani ƙaramin kamfani, Terrapin na jihar Jojiya, ya ci lambar zinariya da irin wannan giya a 2002. Me ya sa suke shan wannan wahala? Saboda masu sayensu suna da harshe, in an canja hatsi sun sani.

To mu fa? Ni a Maraɗi aka haife ni, da kunun gero na tashi. Da na sauka a garin nan na Nagwamatse sai na tarar da na dawa, ja, mai kauri, da ɗan bauri a ƙarshen harshe, na kuma tarar da na maiwa wanda ya fi su laushi a maƙogwaro. Wata tsohuwa a unguwarmu, Allah Ya ƙara mata lafiya, ita ta koya mini bambancin. Tana jiƙa hatsinta, ta niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankali, ta raba ƙullun biyu, ta dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, in ya sha iska ta zuba ragowar ɗanyen tare da tsiron shinkafa, ta rufe ya kwana. Tsiron nan shi ne sirrin. Shi ke narkar da gasarar ta koma zaƙi, kunun ya tsinke da kansa. Zaƙinsa ba ya dukan harshe, a hankali yake zuwa, sai ɗan tsami ya biyo, sai citta ta rufe. Maƙwabtanmu na ƙauyukan hanyar Rijau ma da tsiron dawa suke burkutu, su dai suna barinsa ya yi kwanaki har ya koma mai sa maye, ita kuwa da safe take tacewa.

Yanzu ku je tasha ku sayi kunun gora. Ruwa, sukari, wani lokaci har da sakarin mai barin ɗaci-ɗaci a baki, sai sanyin ƙanƙara ya rufe asiri. Ba na zagin yaran da ke talla, ko iyayensu mata. Tsiro kwanaki yake ci kafin ya fito a shanya, sukari kuwa a shago yake. Laifin namu ne, mu masu saye, da ba mu da tambaya sai "akwai sanyi?"

Shekaranjiya da na je, tsohuwar nan ta ce mini, "Ɗan nan, bokiti ɗaya nake yi yanzu, da kuwa uku ne. Sun ce nawa ya yi tsada, kuma bai ji sukari ba." Jikokinta mata babu wadda ta tsaya ta koyi fitar da tsiro, kuma ban ga laifinsu ba tunda ba ya kawo kuɗi.

Wani zai ce kunu dai kunu ne, talaka ƙishirwa yake kashewa. Haka ne. Amma mu ɗin nan ne in an zuba mana shayi mukan ce ganyen bai dahu ba, in an miƙo goro mu san ɗan wace ƙasa ne. Ashe harshen yana nan, kunun ne muka raina.

Ranar Juma'a bayan an sauko na sa ta yi mini na gero da na dawa da na maiwa, kowanne babu sukari babu ƙanƙara. Wanda ya san shagona ya biyo da kofinsa, mu ga ko akwai mai iya bambance su ido a rufe.