Waiwaye: Kuɗin Kofato

Tun muna Jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi a 1991, akwai wata gona a bayan garinmu Dalijan wadda in kaka ta wuce ba mai ƙara kiranta gona. Fili muke ce mata. Da an kwashe dammunan gero an sare kara, sai Baffa ya kora mu da fartanya mu tuge tushiya, mu cike ramukan gafiya da na kurege, domin rami guda ya isa ya karya ƙafar doki. Kwana uku ko huɗu muke yi a kai, hannu duk kanta. Daga nan fili ya zama namu har saukar ruwan farko.

Baffa ba shi da allo a ƙofar gida, amma makaranta ce sosai yake riƙe da ita. Masu dawaki su kawo masa dukushi ya horar, iyaye su kawo masa yara ya koya musu hawa. Da asuba, cikin sanyin hunturu, muke kwance dawaki daga turke. Sabon shiga ba ya ganin sirdi sai ya yi wata guda yana hawa da ragama kawai, cinyoyinsa sun saɓule sun warke. Baffa yakan tsaya a tsakiyar fili da 'yar bulalarsa a hammata, ya saurari ƙarar kofato, ya gaya maka ƙafar da dokin ke ɗingisawa tun kai da ke bisa ba ka ji ba.

Mai gonar wani dattijo ne, abokin Baffa tun na ƙuruciya. Abin da ke shiga tsakaninsu taki ne. Duk kashin da aka share a barga mu loda a mangala, jaki ya kai gonar, sai kuma goro ranar Salla. Babu takarda, babu shaida, kuma ba wanda ya ga bukatarsu, tunda da rani ƙasar ba ta da wani amfani sai kiwon awaki.

Dattijon ya rasu, gona ta faɗa hannun babban ɗansa, daidai lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya shigo a farkon shekarun 1990 da rijiyoyin bututu da injin ban ruwa. Mutanen Aliero sun riga sun nuna wa kowa abin da albasa ke kawowa, kuma gefen gonar da ya gangara kwari ruwansa ba nisa. Wata rana bayan la'asar magajin ya zo zauren Baffa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ina nan ina dama dusa da kanwa.

"Baba, ba ni hana ku hilin ga," in ji shi. "Amma kofato na daddaɓe ƙasa, in damana ta zo da ƙyar garma ke shiga. Ga shi kuma mutane na samun abin kansu da noman rani. A yanka mini wani abu duk shekara, mu sa shaidu, kowa ya san matsayinai."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. "Ɗana, ubanka bai taɓa tambayata ko anini ba."

Maganar ke nan. Mu yara muka ɗauke ta muka yi gari da ita, muka raɗa wa abin suna kuɗin kofato, duk inda bawan Allah ya gifta sai an yi masa haniniya. Abin da ya nema bai kai kuɗin harawar doki biyu na wata guda ba. Baffa yana da halin biya. Girma ne ya hana shi, yana ganin yaron da aka haifa a gabansa ba zai yanka masa haraji ba. Da kaka ta zagayo muka zo da fartanyoyinmu, muka tarar da shingen ƙaya da fangalin albasa.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne labarin masu tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai da Amurka. Su ma suna da makarantun horar da yara, kamar ta Stams a Ostiriya, kuma yawancinsu ba su mallaki dutsen da suke atisaye a kai ba. Na kamfanonin shaƙatawa ne, makaranta tana biyan kuɗi a keɓe mata layi na wasu awoyi. In ka ji dalilin mai dutse sai ka rantse magajin gonarmu ne ke magana. Baƙo mai yawon hutu yana son ƙanƙara mai laushi, ɗan tsere kuwa sai an shayar da ita ruwa ta daskare ta yi tauri kamar daɓe. Sai an kafa raga a gefe don kada yaro ya faɗa kan itace, a kunna injunan fesa ƙanƙara, a tayar da kujerun wayar da ke hawa da mutane tun da sassafe. Sannan duk layin da aka rufe wa ɗalibai, an hana shi ga baƙin da suka sayi tikiti.

A jihar Bamont ta Amurka akwai makarantar Burke Mountain Academy, wadda aka kafa a 1970. Nan Mikaela Shiffrin ta yi karatu, wadda ta ci zinare a gasar Olimfik ta Sochi a 2014 tana da shekara 18. Dutsen Burke ya sha canza hannu, masu shi suna karyewa. A 2000 makarantar da masu goya mata baya suka ga in aka rufe dutsen tasu ta ƙare, sai suka saye shi, suka riƙe har 2005 suka sayar. A 2016 ya sake shiga rikici, kotu ta naɗa mai kula da shi. Wato su da aka ce su biya kuɗin layi, da wuya ta yi wuya dutsen sukutum suka saya.

A ƙasar Hausa mun saba da wata hanyar daban. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ga wasan folo, ya dasa shi a garinsa, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake misali da shi. Can sarki ne mai fili, shi ne mai dawaki, ba wanda zai tambayi wani kuɗin kofato. Ina jin irin wannan tarbiyya ce ta shige mana jiki, muka ɗauka filin doki kyauta ce da manya ke yi, biyan kuɗinsa kuma ƙasƙanci. Ga sarki hakan daidai ne. Ga talakan da ke aron gonar maƙwabci, ranar da ƙasa ta yi daraja aro ya ƙare, kuma gara a ce haya ce da shaidu tun ana ga maciji. Na fi shekara ashirin ina ba magajin nan laifi kafin na yarda cewa shi kaɗai ne a zauren ya zo da maganar da za ta bar mana filin.

Baffa ya koma yin kilisa a gefen hanya. Masu dawaki suka fara janye dukusansu ɗaya bayan ɗaya, don ba mai son a sukwani dokinsa a inda babura ke wucewa. Bai yi shekara uku ba ya rataye linzami.

Bara na je kallon sukuwa a Birnin Kebbi, sai ga magajin a cikin 'yan kallo, gemu ya yi fari fat. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya yi wa Baffa addu'a. Dawaki suka taso, ƙura ta turnuƙe, na ga ya karkata kai yana saurare.

"Akawalin can na ɗingisa ƙafar hagu," in ji shi.

Na manta shi ma a hannun Baffa ya koyi hawa.