Dodo bai gaza ba, balle a yi hayar fatalwa

Duk ƙarshen watan Oktoba, sa'ad da manoman Magariya da Dungas ke jera dammunan gero a rumbu, kantunan littattafai na Amurka da Turai kan cika da hotunan ƙwarangwal da kabewa mai fitila a ciki. Bikin Halowin ke nan, na daren 31 ga wata, wanda ƴan ci-ranin ƙasar Ailan suka ƙetara da shi Amurka a ƙarni na 19, ƴan kasuwa kuma suka ɗinka masa babbar riga. Tun 1992 jerin littattafan Goosebumps na R. L. Stine, waɗanda Faransawa suka fassara da sunan Chair de poule, ke sayar wa yara tsoro, har an sayar da ɗaruruwan miliyoyin kofe.

Yanzu wannan iska ta fara kaɗowa nan ta wayar salula da kwalayen littattafan sadaka, har wasu masu kishin karatu na ganin ya kamata lakwal ta ware mako guda na labaran fatalwa. Hujjarsu ita ce yaro na son abin da zai sa tsikar jikinsa ta tashi, kuma wannan sha'awa za ta ja shi zuwa ga littafi. Rabin maganar gaskiya ce. Sauran rabin kuwa jahiltar gida ne.

Yaushe ɗan Bahaushe ya rasa abin tsoro? Dodo yana nan tun kaka da kakanni, da kurmin gashinsa da kwaɗayin naman mutum, yana auren budurwar da ta raina samarin garinsu, yana haɗiye gari sukutum. Lokacinsa ma bai ɓata ba: bayan kaka, idan aikin gona ya lafa, dari ya fara shigowa, an ci tuwon dare. Sai dai tsoron tatsuniya tsoro ne mai ƙofa. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa da bakinsu, wato sun yarda su shiga. Ana rufe ta da "ƙurunƙus", kowa ya san ƙarya ce aka shirya, an kuma tattare ta. Da rana ba a yin ta. Mai ba da labarin kaka ce ko gwaggo, tana ganin idon kowane yaro; in ta lura ƙaramin ya fara maƙalewa a zanenta, sai ta sassauta murya, ta sako Gizo da tsamin bakinsa a yi dariya. Littafi bai san shekarun mai riƙe da shi ba, ba ya kuma sassautawa.

Akwai bambancin da ya fi wannan nauyi. Dodo ba ɗan gidan kowa ba ne, ba shi da kabari a bayan gari. Fatalwar littafin Turawa kuwa mamaci ce da ya dawo. Yaron Amurka yana dariya da ita domin a gidansu an daɗe da mayar da ita abin wasa. Yaron Wacha ko Malawa ya taso inda ake yi wa maƙabarta sallama, inda ake hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa ba da bisimilla ba, inda kalmar "mayya" guda ɗaya ta isa ta raba tsohuwa da unguwarsu. Malaman Nijar ba su manta ba yadda, tun shekarun 2000, ƴan mata ke faɗuwa a azuzuwan sakandare ana cewa aljanu ne, karatu ya tsaya cik. Wanda ya shigo irin wannan aji da labarin makarantar da fatalwa ke yawo cikinta, da sunan nishaɗi, ya kunna ashana a gindin rumbu.

Su ma masu cewa a jefar da tatsuniya gaba ɗaya, wai ƙarya ce da ɓata lokaci, ba su tsira ba. Su suka share fagen. Yaron da aka hana Dodo a tsakar gida zai nemo wanda ya fi shi muni a waya, shi kaɗai, cikin duhu.

Ba a kuma rasa abin karantawa ba, sakaci ne kawai. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai 3 tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni domin ƴan makaranta a farkon shekarun 1970. A Damagaram ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a 2025 kuma hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce bayan duk wannan, kabad ɗin lakwal na da labarin mayen Turawa mai tsoron tafarnuwa, ba shi da ko shafi guda na Dodo. In kuwa shigar burtu da bin gida-gida ake sha'awa, tashe na zuwa kowane azumi daga goma ga wata, kuma bai taɓa neman izinin kowa ba.

Aikin da ke gaban ƙungiyoyin al'adu ba ya buƙatar tallafin waje. A Bande da Sassumburum da Dogo-Dogo da Guci akwai tsofaffin da tatsuniyoyinsu ba su shiga kowane littafi ba. Wayar da ke kawo fatalwa tana iya ɗaukar muryarsu. Malami ya sa ɗaliban ajin ƙarshe na firamare kowa ya rubuto guda daga bakin kakarsa, da sunanta da na garinsu, a gyara rubutun a allo, a ɗinke da zare, a karanta wa ƙanne kafin sanyin bana ya wuce.