Yaro da gamanarsa

Yaron ƙauye ba ya tuna ranar da ya fara zuwa gona. A bayan uwarsa ya fara zuwa. Da ya kai shekara biyar ko shida, sai a ba shi ƙwarya da iri. Babba yana gaba da sungumi yana sara, yaro yana biye, yana zuba hatsi cikin rami, yana rufewa da dunduniya. In ya zuba da yawa a yi masa faɗa, in ya tsallake rami a maido shi baya. Wannan shi ne karatunsa na farko.

Daga nan aiki yana ƙaruwa da shekaru. Shi ke kai fura gona da hantsi, shi ke kiwon awaki kada su shiga shukar mutane, shi ke korar tsuntsaye in hatsi ya fara ido. Wajen shekara goma uban zai je wurin maƙeri a yi masa ƴar hauya daidai hannunsa. Sai ya shiga layi bayan yayyensa, ya yi noman fari, ya yi maimai. Ya koyi rage hatsi, a bar uku a rami. Da kaka ya koyi ɗaurin dami, ya ga yadda ake fidda dami ɗaya cikin goma na zakka tun ba a kai rumbu ba. Ƴan mata ma haka: shuka, tsinkar wake, cirar gujiya, sussuka.

Ba uba kaɗai ke koyar da yaro ba, gari duka ne. Duk dattijon da ya ga yaro ya riƙe hauya ba daidai ba zai tsaya ya gyara masa. Ran gayya kuwa, ga makaɗa, ga ƴan mata na guɗa, a nan ake gane wanda ya iya. Saurayin da aka bari a baya ran gayya ya daɗe yana jin labarinsa a dandali. Zamanin shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, matasa suka riƙa noma gonakin haɗin gwiwa. Amma gayya ta girmi samariya nesa ba kusa ba.

Duk wannan aikin gandu ne, kuma abin gandu na maigida ne. Shi ke riƙe da rumbu. Shi ke ciyar da gida, ya biya lanho, ya yi wa ɗansa auren fari. Yaro ba shi da ta cewa a ciki.

To, akwai rana guda da ta fi sauran. Ita ce ranar da uba zai ja ɗansa gefen gona, ya nuna masa iyaka da ƙafa, ya ce: "Daga nan zuwa gawon can, taka ce." Yaro ya durƙusa ya ce: "Na gode, Baba." Wannan ita ce gamana, wasu na cewa gayamna. A wasu garuruwa kwana huɗu ko biyar a mako na gandu ne, saura na gamana. A wasu kuwa safe gandu, marece gamana.

Gamana ƙarama ce, amma a cikinta yaro ke zama manomi. A gandu ana ce masa yi kaza. A gamana shi ke shawara: gujiya zai sa ko wake, yau zai yi noma ko gobe. In ya yi lalaci ciyawa ta cinye, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. In ya samu, nasa ne. Ya sayi riga, ya sayi ɗan akuya, ya san zafin kuɗi tun kafin ya yi iyali.

Ga inda matsala take. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17, jihar Maradi kaɗai ta haura miliyan 3. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. A kudancin Maradi da Damagaram, wajen Madarunfa da Kance da Magarya, daji ya ƙare, ba a barin gona ta huta. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki sun raba ta gida-gida. Uba ya duba, gandun ma bai ciyar da gida har wata shida, ina zai yanki gamana? Abin da ake fara janyewa kuwa gamanar mata ce, sannan ta samari. Har an sami garuruwan da ƴan mata ke girma, a yi musu aure, ba su taɓa shuka ba.

Saurayin da ke noma daga shuka har girbi bai ga dala tasa ba, ba ya zama. Da can cin rani ne: ya tafi Kano ko Legas bayan kaka, ya komo da ruwan fari. Daga baya hanya ta miƙe zuwa Libiya da Aljeriya, a 2014 kuma zinariyar Jado ta kwashi matasa da yawa. Wasu damina biyu, uku ba su komo ba. Dattawa na cewa yaran zamani ba su son noma. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wanda ba a ba shi komi ba, mi zai riƙe shi?

Wasu iyaye sun sami dabara. In babu filin yankewa, sai su ba yaro waken da aka shuka tsakanin hatsi, ya kula da shi, wake da harawa duka nasa. Wasu su ba shi tunkiya ya yi kiwo, a raba riba da Layya. Wasu su aro masa gona wurin dangi. Mai aron gona dai ya nemi shaidu da takarda: dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, ana iya rubuta aro ko jingina a wurinsu don kada rigima ta tashi bayan an zuba taki.

Akwai kuma itatuwa. Daga 1983 aka fara sassaben zamani a ƙasar Maradi. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a yanke saura. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka sun kai hekta miliyan 5. Wannan aiki yaro mai shekara goma sha biyu yana iya shi. Uba zai iya ce masa: "Kalgo da sabara da gawon da ka raya, reshensu naka ne." Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana hatsi rana, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa a kasuwa.

Ɗan lakwal ma kada a cire shi. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, ana komawa aji a watan Oktoba. Yana iya noman fari da maimai, girbi ne kawai zai bar wa ƙannensa ko ya yi ran Asabar da Lahadi. Shi ne ma zai rubuta wa gida dami nawa aka samu a gandu, tiya nawa aka samu a gamana, a aje takardar a gwada da ta baɗi.